Baƙaƙen Nawa Ne

Mushe Kiyari ba ya tambaya.
Da ya zauna sai ya ja fararen gabansa,
yadda ya saba jan kujera a gaban aji
shekara talatin kafin ya ajiye alli.
Ni baƙaƙen nawa ne,
ni da man injin da ke ƙarƙashin farcena.

La'asar ta yi sanyi a Zengo.
Inuwar bedi ta kai bakin kwalbati,
Nayusa mai shayi ya ɗora na fari.
Allon eshek ɗinmu kwali ne.
Hasumiyata ɗaya ta ɓace tun bara,
wani tsohon bujin babur ke tsaye a gurbinta.

Ya tura dakaren gaban sarki, taki biyu.
Da can nakan tare shi goshi da goshi,
in yi ta toshe kafa har magariba,
in mutu sannu a hankali,
da ladabi,
kamar ɗalibin da ya san za a kira sunansa.

Yau ta gefe na bi.
Dakaren gaban giwa, taki biyu.
Ya sauke tabarau kan hanci:
"Sisiliya? Wa ya koya maka?"
Na ce, "Kashin da na sha a hannunka, Mushe."

Na kai giwata lungu na ajiye.
Tana leƙen dogon layi, kusurwa zuwa kusurwa,
kamar ƙadangare bisa dutsen Birni,
ba ta ce komai ba.
Ya kai sarkinsa gabas, na kai nawa yamma.
Yanzu kowa ya san gidan kowa.

Sai ga dakarunsa ta bakin allo,
ɗaya na tura ɗaya,
suna kwance mini dannin gida kara bayan kara.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
shafa wa naka ruwa.
To nawa ne ya kama.
Ban nemi ruwa ba,
a Damagaram wa ke ɓarnar ruwa?
Garwashi na ɗiba na nufi nasa.

Na ɗaga bujin nan,
hannuna na rawa kaɗan, ban ɓoye ba,
na sauke shi kan dokin da ke gadin ƙofarsa.
Ɗan Juma mai awon gero ya dafe kai:
"Ya sayar da gida ya sayi doki!"
Mushe ya cinye bujin, ya ajiye shi gefen kofi.
Amma dakaren da ya ci da shi
ya bar gurbinsa,
kuma iska ta shiga.

Daga nan lissafi ne, ba jarumta ba.
Shi taki uku ya rage masa.
Na ƙirga nawa, na sake ƙirgawa,
na ji shayin ya ƙone a wuta,
na ji wani babur ya wuce da ciwon da na san maganinsa.
Biyu.
In ban yi kuskure ba, biyu.

Sarauniya ta fita.
"Sarki."
Ya matsa.
Giwar da ta yi shiru tun farkon wasa
ba ta ko motsa ba,
hanyar gudun ce kawai ta zama tata.
"Sarki."

Ya daɗe yana kallo.
Sarauniyarsa na tsaye a ƙofar gidana,
taki guda tsakaninta da wuyana,
takin da ba za ta taɓa yi ba.

Ladan ya gyara murya.
Mushe ya kwantar da sarkinsa da yatsa ɗaya,
ya ɗauki bujin, ya juya shi, ya shinshina,
ya goge bakin hannun riga inda ya ɓata.
"Gobe ni ke da baƙi," in ji shi.

Na tafi alwala ina murmushi,
sai a bakin buta na tuna:
ni ban taɓa fara magana ba,
amsa kawai na iya.